Jan Ɗigo a Tashar Bas

A tashar bas ta Fordham Road da ke unguwar Bronx, wani dattijo sai haɗa hannuwa yake yana miƙawa gaba, yana dariya shi kaɗai. Wata mata mai ƙunshin yadi a hammata ta kasa haƙuri.

"Malam, addu'a ce ko ciwon kafaɗa?"

"Atisaye ne, Hajiya! Gasar harbi da ƙaramar bindiga gare ni ran Asabar."

"Inna lillahi! A Bronx? Sauke hannunka!"

"Ai ba komai a hannun! Tsaya ki ji. Idona ya daina ganin ɗan ƙarfen saiti, har na ce na bar gasa. Sai na ɗaura wa bindigar gilashi mai jan ɗigo da ke nuna inda harsashi zai sauka. Ina ɗagawa sai ɗigon ya ɓace, in yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare ina nemansa."

"Ka ga asara."

"Ina! Mai koya mana ya manne gaban gilashin da salatif. Ya ce buɗe ido biyu, kalli abin harbi, rabu da ɗigon, da kansa zai zo. Wallahi yau ya zo! Duk harbina a tsakiya! Ni da jikoki!"

"Wato sai da aka toshe gilashin ka gani?"

"Ƙwarai!"

Ta yi dariya har ƙunshin ya kusa faɗuwa. Can ta rage murya.

"Ni tela ce. Tun bara 'yata ke zura mini zare, kwastomomi ba su sani ba. Wannan ɗigon naka, Malam, ana ɗaura wa allura?"