Turaren Goggo

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Haɗejiya nake rubuto muku.

Da rani goggona ta ba ni hayar sashen gidanta. Ranar dubawa ko'ina ƙamshin turaren wuta yake. Na tambaye ta ko ɗakin yana laima, ta ce ko ɗigo. Da damina, kogin garinmu na cika, wari ya tashi a ɗakin. Na ɗaga ledar ƙasa, sai ga ruwa da funfuna. Jaririna har ya fara tari.

Da na tunkare ta, cewa ta yi, "Haba 'yar nan, ai da rani kika tambaye ni." Washegari ta aiko mini da turare.

Jama'a, in tashi a ce na ɓata zumunci, ko in bar ɗana yana shaƙa?