Tun da Na Sa wa Motata Rimot

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni manomi ne daga Bunkure.

Tun da aka sa wa motata rimot na tayarwa ban huta ba. A kan kwalta lafiya lau, amma da na hau gargadar bakin kanal ɗin ban-ruwa sai fitilu su ɗauke, ta mutu. Wani mai gyaran wayarin mota a Kura ya ce bai ga komai ba, don a gabansa ba ta yi.

Shekaranjiya ta tsaya ɗauke da kwandunan tumatirin maƙwabcina har rana ta dafa tumatirin. Bai ce mini uffan ba, amma jiya wata motar ya kira.

Don Allah masu sauraro, in cire rimot ɗin ne? Wallahi shirun bawan Allahn nan ya fi mutuwar motar damuna.