Hajiya Ta Ci Ludo

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Falmata daga Zaitawa.

Mahaifiyata Hajiya, wadda ta sha kiran wasan waya shiririta, yanzu duk Juma'a sai ta buga ludo da yayarta ta Maiduguri. Sau ɗaya a mako, don data ta yi tsada. Kuma ba ta taɓa cin yayar ba.

Makon jiya ana tsakiyar wasa sabis ya yi rauni, komai ya tsaya. Na ce, "Hajiya, lodi yake yi."

Ta ce, "To a bar shi ya cika, ai ba a tashi da rabin fasinja." Ta ajiye wayar ta tafi alwala.

Shi kuwa wasan, in mutum ya daɗe bai taɓa ba, da kansa yake buga masa. Kafin ta dawo ya ci mata. Hajiya ta rangaɗa guɗa, ta kira Maiduguri: "Yaya, yau kin ga ƙwarewa!" Har dambu ta raba wa maƙwabta.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: in faɗa mata gaskiya, ko in ci dambuna in yi shiru?