Takardar Ƙosan Da Ta Tona Asiri a Damri

Da sunan Allah, Mai rayawa, Mai kashewa. Ranka ya daɗe Hakimi, Allah gafarta Liman, malaman makarantar Talata Mafara, Musulminku da Kiristanku, iyayen mamaci, da jikata Na'ima, matarsa: sannunmu da haƙuri.

Yau kwana arba'in da rasa Malam Abdulmumini. Ya kasance malamin kimiyya ga 'ya'yanmu da safe. Ya kasance malaminmu tsofaffi da yamma, a ajin yaƙi da jahilci, bai taɓa yi wa furfura dariya ba.

Kun tuna ranar da Hamma da mutanensa suka sauka kasuwar Damri da na'ura, suna tallar "kuɗin kwantam". Wai ka sayar da sanka ka karɓi takardarsu, wadda ba a iya yi wa jabu, shaida kuwa fitilar na'ura ta nuna kore. Malam ya ce mana, gaskiya ne masana na binciken kuɗin da in ka yi ƙoƙarin kwafarsa sai ya lalace, amma har yau bai fito kasuwa ba. Ya ce, "Baba, in mai kuɗi shi ne mai na'urar tantancewa, wa zai tantance shi?"

Sai ya ɗauki takardar da aka ƙunsa masa ƙosai, da mai da yaji, ya tura cikin na'urar. Kore! Ya ce, "Hamma, ashe ƙosaina ma kwantam ne? Ba ni sa guda!" Kasuwa ta tuntsure da dariya, kowa ya ja dabbarsa.

Kwana biyar bayan nan, da la'asar, Hamma da mutanensa suka tare Malam a hanyar Bakura da sanduna, suka kashe shi.

Shekaranjiya Na'ima ta haifi namiji. Wallahi na yi murna har da hawaye. Amma da aka ce in yi masa kiran salla a kunne, na tuna aikin wa nake yi, sai zuciyata ta sake tafasa.

Dangin Hamma sun turo dattawa daga Maradun, wai a yi sulhu, a bar wa Allah. Na'ima, kada ki bari a rarrashe ki. Ba mu yafe ba. Ba za mu ɗauki sanda ba, amma sai mun ga alƙali ya yanke musu abin da suka cancanta.

Hamma na tsare, Laraba za a zauna kotu. In babu shaida, Alhamis yana gida yana shan fura. 'Yan kabu-kabu uku sun ga kisan da idonsu, kuma suna zaune kan tabarmar nan. Ba zan kira suna ba. Shanun iyayenku na turke saboda Malam. Motarmu ta zuwa kotu za ta tashi daga tashar Bakura ranar Laraba da hantsi, mun bar kujera uku.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya haskaka kabarin Malam, Ya raya marayansa. Allah Ya hana makasansa kwanciyar rai duniya da lahira. Wanda ya gani ya yi shiru kuwa, Allah Ya tambaye shi. A shafa Fatiha.