Injin Kawu Hodi da Sufetoci Huɗu na Argungu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Abdussamadu. Wakilin gidan talabijin, da ya yi tattaki ya zo mana da kansa. Shugabar mata, Hajiya Ummu Hani, da iyayenmu mata da ke zaune a wancan gefe. Malamanmu, waɗanda suke kallo, da waɗanda suke cewa ba su kallo amma kullum Lahadi sai sun tambaye mu yadda aka ƙare. 'Yan'uwana na reshen Nasarawa da kuka karɓi baƙuncinmu a nan Birnin Kebbi, da na reshen Argungu da muka ciko mota biyu muka zo. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahamatullahi.

Sunana Zulkifli, malamin firamare ne ni a Argungu, kuma sakataren reshen Ƙungiyar Masu Kallo na can. Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana da shirinmu na Bin Sawu ya cika kashi ɗari uku. Ina godiya ga shugabanni da suka zaɓe ni in yi bayanin abin da ya sa muke ƙaunar shirin nan, ko da yake kafin in sauka za su iya yin nadamar zaɓen.

Jama'a, an fara Bin Sawu tun muna ƙarƙashin Sakkwato. Aka yanka mana jiha yana gudana, shugabanni suka zo suka wuce yana gudana, kuma har yau Sufeto Riskuwa sufeto ne, da hularsa ta farko, ba a taɓa yi masa ƙarin girma ba. A nan kaɗai shirin ya yi kama da aikin da muka sani.

Dalilinmu na farko shi ne motar Sufeto. Shekara shida ina kallon motar nan, ban taɓa ganin ta a layin mai ba, ban taɓa ganin an tura ta ba, ban taɓa ganin an buɗe bakinta ana leƙe ba. Wayar ofishinsa tana kama layi. Bironsa yana da tawada, tebur ɗinsa yana da takarda. Mutumin da ya wuni a rana yana tura babur ɗinsa taku ɗaya ɗaya a gidan mai, ya dawo ya ga motar da ke tashi da murza makulli sau ɗaya, ku gaya mini yaya zai yi bai ƙaunace ta ba?

Dalili na biyu shi ne ƙarshe. A cikin akwatin nan magana tana da ƙarshe. A yi sata ƙarfe biyar na yamma, kafin shida saura kwata ɓarawo yana cikin ankwa, har da sauran lokacin talla. Ni kuwa akwai takardata da ta shiga wani ofishi, wanda ba zan faɗi sunansa ba don shugaban taro yana da dangi a ciki, tun shekarar da aka ba mu jiha. Duk zuwan da na yi sai a ce mini ana dubawa. Wanda ya fara duba ta ya yi ritaya, wanda ya gaje shi yana neman tabarau.

Dalili na uku shi ne babba, kuma shi ne zai tsayar da ni gabanku. Shirin nan yana sa kowannenmu ya ji shi mai kaifin basira ne. Kafin Sufeto ya buɗe baki mun riga mun nuna mai laifi da yatsa, domin mun haddace ƙa'idar: wanda ya fi kowa saurin zuwa jaje, wanda ya fi kowa nuna tausayi, shi ne ɓarawon. Ku ba ni dama in gaya muku inda wannan basira ta kai mu.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, sunansa Hodi, manomin albasa ne a Gulma. Kowace Asabar yakan hau babur ya zo Argungu, shagon Malami mai gyaran rediyo, inda muke kallo da batirin mota. Mu huɗu ne ba mu fashi: ni, da Malami, da Sunusi tela, da Kawu Hodi.

Bara da rani, daidai lokacin da albasa ta fara yin kai, Kawu ya je gona ranar Talata ya tarar injinsa na ban ruwa, da ke girke a bakin gulbi, babu shi babu alamarsa. Manoman da ke nan sun san ma'anar haka. Albasa a wannan gaɓa ba ta jure ƙishirwar mako guda, kuma ita ce cin gidansa na shekara. Ya je inda ake kai ƙara, aka ce mai rubutawa ya tafi suna, ya dawo jibi. Baƙin ciki ya hana shi ko leƙa gonar. Ranar Asabar ya zo shago, ya zauna ya juya wa akwatin baya.

Sai Malami ya miƙe ya ce, "Wai mi muke jira? Shekara biyar muna karatun aikin ga, ko jami'a ce ai mun ƙare."

Washegari Lahadi muka dira Gulma. Ni na riƙo rula da littafin ɗaukar sunayen ɗalibai, Sunusi ya rataya tef ɗinsa na awo a wuya, Malami ya zo da gilashin da yake duba cikin rediyo. Muka isa gona hannuwanmu a baya, kamar yadda Sufeto yake yi.

Abu uku muka gani. Mun ga gaɓar gulbi ta zabtare daidai inda injin yake zama. Malami ya duba da gilashi ya ce ɓarawo ne ya karya ta wurin jan kaya. Mun ga fangalin albasa jiƙe da ruwa, alhali inji ya kwana biyar da ɓata. Sunusi ya ce raɓa ce. Raɓa, jama'a, a tsakiyar rani, har cikin ƙasa kamu guda! Ni kuma na rubuta a littafi, raɓa. Na uku, mun ga sawun takalmin taya ko'ina a gonar, ƙafar hagu da faci a dunduniya. Wannan ne kaɗai ya faranta mana rai.

Na juya na tambayi Kawu, "Wa ya fara zo maka jaje?"

Ya ce, "Ummaru."

"Sau nawa ya zo?"

"Sau uku. Har da goro."

Muka kalli juna. Baba Ummaru maƙwabcin gonarsa ne, abokinsa ne tun suna yara, rana ɗaya aka yi musu kaciya. Amma sau uku, har da goro! A Bin Sawu ko sau biyu ya isa a ɗaure mutum.

Da azahar muka tafi masallaci. Ina jin kunyar faɗin wannan gaban malamai, amma zan faɗa. Baba Ummaru, bawan Allah, yana ciki yana nafila, Sunusi ya durƙusa a bakin ƙofa ya auna takalminsa da tef, ya juya na hagu, sai ga faci a dunduniya.

Da muka koma gida cin abinci, Inna Laure, matar Kawu, ta ji abin da muke ƙullawa. Ta dire akushi ta ce, "Ummaru? Ku ji tsoron Allah. Akwatin ga ya shanye maku hankali. Maigida, kai ma da ka san shi shekara hamsin?" Kawu ya soma rawar murya. Malami ya raɗa masa cewa a kashi na tamanin da biyu ma sai da wata mata ta kare mai laifi. Kawu ya ƙara zama daram.

Bayan la'asar muka kai magana gaban maigari, gari ya taru. Ni aka ba bakin, don ni ne mai ilimi. Na yi taku uku gaba, uku baya, na tsaya cak a gaban dattijon da ya isa ya haife ni, na ce, "Baba Ummaru, sawun wa ke cikin gonar Kawu Hodi?"

Ya ce, "Nawa na."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Ni kuwa ƙirjina ya cika, har na ji kamar ana kaɗa mini kiɗan ƙarshen shiri. Na ce, "Me ya kai ka?"

Bai ko dube ni ba. Wurin Kawu ya juya, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Hodi, kai ma ka yarda da wanga zance?" Kawu ya sunkuyar da kai. Baba Ummaru ya ce, "Tun randa injinka ya ɓace, kullum in an sallame asuba sai in ɗauko nawa in ba albasarka ruwa, kahin in ba tawa. Ban hwaɗa maka ba don na san halinka, ba ka son a ji tausayinka."

Jama'a, a nan ya kamata in zube ƙasa. A nan ya kamata in tuna da fangalin da muka tarar a jiƙe. Amma mutum ɗari suna kallona, kuma Sufeto bai taɓa ja da baya ba. Sai na ɗaga murya na ce, "Haka duk masu laifi suke faɗi."

Baba Ummaru ya miƙe. Ya yi wa maigari sallama ya tafi gida. Aka bincika ɗakinsa da rumbunsa, ba a ga komai ba sai injinsa na kansa. Maigari ya ce babu hujja, amma don gudun fitina kada Ummaru ya sake taka gonar Hodi har gaskiya ta bayyana. Ku lura da aikin da muka yi, jama'a. Mun tashi daga Argungu da rula da tef da gilashi, muka gano mutum ɗaya tak da ke shayar da gonar, muka sa aka hana shi shiga.

Albasa ta soma kwantawa. Kawu da Inna Laure suka koma jido da bokiti, abin da bai kai ko kusurwa guda ba. Fiye da rabin gonar ya ƙone. Shi kuwa Baba Ummaru, in ya shiga kasuwa sai mutane su jawo kayansu kusa da jiki, dattijon da a da shi ake bar wa ajiya. Ya daina zama majalisa. Sahun gaba da ya saba tsayawa a masallaci, ya bar shi ya koma na baya.

Kwana goma sha tara ana haka, sai wani masunci mai suna Tamba ya jefa komarsa ta birgi ƙasa da gonar, ta maƙale. Ya nutsa ya cire ta, hannunsa ya taɓa ƙarfe. Ga injin Kawu kwance cikin laka. Ruwa ne ya ci gindin gaɓar, ta rufta da shi. Babu ɓarawo, babu sata, babu komai. Kuma na bincika, Tamba bai taɓa kallon Bin Sawu ba ko sau ɗaya.

Kawu Hodi ya yi kwana uku yana zarya a zauren abokinsa kafin a ce masa ya shigo. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, na dai san tare suka haƙe ragowar albasar. Malami ya je ya ba da haƙuri. Sunusi ya je, har ya ɗinka masa riga. Ni ban je ba. Na ce ni malami ne, wasiƙa zan rubuta. Na rubuta ta sau huɗu, ba ta bar aljihuna ba.

Wata Asabar Kawu ya goyo Baba Ummaru a babur ya kawo shi shago, wai ya ga abin da ya haukata mu. Ya zauna ya kalla har ƙarshe. Da aka gama ya juyo wurina, ba fushi ba murmushi, ya ce, "Malam Zulkifli, shi wanga Sufeto, in ya kama wanda bai yi ba, mi yakan yi?"

Na ce, "Baba, ai bai taɓa yi ba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, shi ya sa kuke son shi."

Mai girma shugaban taro, wannan ita ce amsar tambayar da kuka ba ni, kuma ba tawa ba ce. Muna son shirin nan domin a cikinsa mai zargi ba ya kuskure, mai nuna yatsa ba ya jin kunya, kuma babu wanda ke kwana da nauyin wani a wuyansa. Ba na cewa a daina kallo, ni kaina ba zan iya ba. Roƙona ga wakilin gidan talabijin ɗaya ne: cikin kashi ɗari ukun da ke tafe, ku ba mu guda ɗaya tak da Sufeto Riskuwa zai kama mara laifi, mu ga yadda zai yi da fuskarsa, mu ga ko ƙafarsa za ta kai shi ƙofar gidan mutumin. Tun da komai daga gare shi muke koya, wataƙila mu koyi wannan ma.

Amma ni ba zan jira su ba. Baba Ummaru yana cikin ɗakin nan, ga shi can benci na huɗu kusa da Kawu. An ce masa taron cin shinkafa ne, shi ya sa ya yarda ya zo. Baba, a gaban jama'a na kira ka mai laifi, a gaban jama'a nake cewa ƙarya na yi maka. Na ji gaskiya daga bakinka, na gane ta a lokacin, girman kai ya hana ni karɓa. Ka yafe mini don Allah. Ba sai ka amsa yanzu ba, ba don in ɗaure ka da idon mutane na faɗa a nan ba. Ranar Juma'a, in Allah Ya kai mu, zan zo Gulma in tsaya ƙofar maigari bayan an sauko, in maimaita wannan magana da irin muryar da na yi waccan.

Allah Ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinSa. Allah Ya ba mu maƙwabta nagari, Ya ba mu idon gane su. Allah Ya albarkaci gonakinmu da gulabenmu, Ya zaunar da jiharmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, na kusa da na nesa.

Na gode da haƙurin saurarona. Wassalamu alaikum.