Bakin da Bawa Bai Gani Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma wakilin prefe shugaban yankinmu, mai girma magajin gari da ƴan majalisarsa, iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, malamanmu limamai, shugabannin ƴan kasuwa da na masunta da na direbobi da ƴan kabu-kabu, manoman shinkafa da suka baro fadama suka zo, baƙinmu na Bengou da na Dioundiou, iyayena mata da ke zaune can baya inda iskar fanka ba ta kaiwa, jama'ar Gaya baki ɗaya: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga shugaban taro da ya ba ni dama, ina godiya gare ku da kuka yi haƙurin zama tun hantsi. Sunana Sa'ida Alassan. Ungozoma ce ni, shekara ashirin da shida ke nan ina karɓar haihuwa a garin nan, kuma da yawa cikin samarin da ke tsaye bakin ƙofa ni na yanke musu cibiya. Ina cikin kwamitin da ya rubuta takardar da ke gabanku, ta shirin tunkarar annoba idan ta sake dawowa, Allah ya kiyaye. Sunana yana ƙasanta.

Tun safe gardama ɗaya ake yi, a kan sashe na bakwai, wanda ya ce duk wanda aka kama ba takunkumi a fuska za a ci shi tara, a tsare shi. Alhaji Misbahu ya miƙe ya ce takunkumi tsumma ne, bai taɓa kare kowa ba, ita kanta korona ba ta taɓa ƙetaro gadar kan iyaka ba. Mushe Yacuba ya miƙe ya ce mutanenmu ba sa jin magana sai da sanda, don haka a ƙara tarar. An tafa wa wannan, an tafa wa wancan. Ni zan ba ku labarin yayana Bawa, domin ku biyun kuna da hannu a cikinsa, ni ma ina da nawa.

Na farko, ku san ko wane ne shi.

Manoman fadama sun san shi, shi ne mai gyaran motopom, injin ban ruwa. Yana ɗan shekara takwas sanƙarau ya kama shi, ya tashi da ransa amma kunnuwa sun tafi. Daga nan ya bar lakkal, makarantar boko, ko harafi bai riƙe ba. Maganarsa ba ta ɓace ba, sai dai muryar tana fita da ƙarfi, ba ya jin tsayinta. Allah ya musanya masa da ido. Idan ya dubi leɓɓanka ya gane abin da kake faɗa, da Hausa ne, da Dendi ne, ko da Zabarmanci. Yakan ɗora tafin hannu a kan inji yana aiki, ya ce maka ga abin da ya lalace, a kwance a tarar haka ne. Shekara arba'in da ƴan kai yana ciniki, yana gardama, yana barkwanci a garin nan, har baƙo kan yi hira da shi ya tafi bai san kurma ba ne.

Da annoba ta zo aka rufe iyaka, ni aka ba lasifika. Ni ce na bi kasuwa da tasha da bakin kogi ina cewa a sa kashne, kamar yadda muke kiran takunkumin. An ce mini cutar masu hawa jirgin sama ce. An tambaye ni nawa Turawa suka ba ni. Wata rana an watso mini ruwan wankin kifi a zane. Mutum na farko da ya karɓi kashne daga hannuna ba musu shi ne Bawa. Ni na ɗinka masa, da ƙyallen atamfa ninki uku. Bayan kwana biyu ya zo gidana ya zauna. Sannan ya ce, “Auta, garin nan ya yi shiru. Kowa ya rufe baki, ba na gane kowa.” Na ce, “Yaya, ka yi haƙuri, na ɗan lokaci ne.” Ya ce to. Ya ci gaba da sawa.

Na biyu, abin da igiya da sanda suka yi.

Kun tuna samarin sa-kai da aka ɗauka a lokacin, aka ba su riguna da igiya da sanda, aka ajiye su a mashigar kasuwa. Ba wanda ya koya musu komai, an dai ce musu kada a wuce ba takunkumi, kada a wuce ba wanke hannu. Ranar kasuwa, da rana tsaka cikin zafin bazara, Bawa ya zo sayen wani ƙarfen inji, kashnensa a fuska. Ɗaya daga cikinsu ya ce ya tsaya ya wanke hannu. Bakinsa a rufe yake, Bawa bai ga komai ba, ya wuce. Aka fizgo shi. Ya sauke nasa kashnen ya ce, “Ni kurma ne, buɗe bakinka in gani.” Da muryar nan tasa mai ƙarfi ya faɗa, ya kuma miƙa hannu yana nuna fuskar saurayin. Suka ce ya yi musu tsawa, ya kai musu hannu. Su huɗu suka rufe shi da duka.

Mairo mai kifi, ga ta can zaune, ita ta bar tirenta ta sheƙo tana cewa, “Ku bari, kurma ne, Bawa ne mai inji.” Aka ce mata, “Yau duk garin kurame ne.” Suka durƙusar da shi a rana, mutum mai furfura, mai ƴaƴa biyar, aka mayar masa da takunkumi a baki, ya yi awa biyu a haka jama'a na wucewa suna kallo. Yana durƙushe wata babbar mota ta iso, mutum uku a ciki ba ko ɗaya mai takunkumi, aka sauke igiya aka ɗaga musu hannu. Yana durƙushe yana kallon bayan rumfa, inda kashne guda ɗaya ke yawo: wannan ya sa ya ƙetare igiya, ya cire ya jefo wa na baya, shi ma ya sa. Baki nawa wannan tsumman ya taɓa a ranar, Allah kaɗai ya sani. Wannan ita ce dokar da Mushe Yacuba yake so a ƙara wa ƙarfi.

Da la'asar Bawa ya zo gidana, leɓensa a fashe. Ya kama hannuna ya sa mini kashnen a ciki, ya ce, “Ke ma cikinsu kike.” Daga ranar, duk sa'ad da na buɗe baki zan yi masa magana sai ya kau da fuska. Jama'a, idan kurma ya kau maka da fuska, ba sauran hanyar da maganarka za ta shiga. Wata takwas muna gari ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ban samu na gaya masa kalma ɗaya ba.

Na uku, abin da ƙaryatawa ta yi.

Waɗanda suka karɓe shi bayan nan su ne masu cewa cutar ƙarya ce. A majalisarsu ba mai rufe baki, a nan yake ganin leɓɓa, a nan yake gane magana. Abin da ya gani a leɓɓan shi ne: babu cuta, neman kuɗi ne, wanda ya je gidan likita da tari ba ya dawowa. Lokacin sanyi ya je Dosso ya dawo cikin mota cike maƙil, bayan ƴan kwanaki zazzaɓi da tari suka kama shi. Ya hana matarsa Habiba ta gaya mini. Kwana tara yana kwance ana dafa masa ganye. Sai da numfashi ya fara gagara Habiba ta karya umarninsa ta zo ta same ni.

Aka sa shi ɗakin keɓewa. Duk wanda zai shiga wurinsa a lulluɓe yake tun daga kai har ƙafa, ido kawai a waje. Ku auna wannan: mutumin da aka daka saboda bai gane rufaffen baki ba, ga shi kwance ba ƙarfi, rufaffun bakuna sun kewaye shi, ana juya shi, ana soka masa allura, ba ya sanin me ake cewa. Na roƙi majo, shugaban ma'aikatanmu, ya bar ni in yi jinyarsa. Da na shiga ya dube ni ya ce, “Wace ce?” Na nuna masa tabon ƙunar da ke wuyan hannuna ta cikin safar roba. Ya ce, “Auta.” A karon nan bai kau da fuska ba.

Kwana huɗu ina shiga ina fita. A rana ta huɗu da hantsi ya riƙe hannuna ya ce, “Sauke abin nan, in ga me kike cewa.” Ina da abin faɗa. Ina so in ce ya yafe mini, ina so in ce zan riƙe ƴaƴansa, ina so in laƙana masa kalmar shahada. Amma akwai mata uku masu cikin wata tara da ke jirana, kuma ni kaɗai ce ungozomar da ta rage a tsaye a wannan makon. Ban sauke ba. Na faɗi duk abin da zan faɗa a bayan takunkumi, yana kallon ƙyalle yana motsi. Ya ce, “Ba na gani, Auta.” Kafin azahar ya cika.

Sakamakon gwaji ya zo daga Yamai bayan mun binne shi. Ita ce, korona. A zaman makoki, ina zaune cikin mata, na ji ana cewa ta bayan zana: “An rubuta masa korona don a karɓo kuɗi da sunansa, kuma da hannun ƙanwarsa.”

Na huɗu, tambayar da kuka yini a kanta: yana karewa ko ba ya karewa?

Alhaji Misbahu, ni ba babbar likita ba ce, shaidar mace ɗaya zan ba ka. Habiba ta yi jinyarsa a gida fuska a buɗe, ta kamu, ta tashi da ƙyar, har yau ba ta iya jan guga biyu a jere sai ta zauna. Ni na yi kwana huɗu yana tari a fuskata, ban kamu ba, matan nan uku sun haihu lafiya. Ban ce takunkumi katanga ne ba. Wanda aka rataya a haɓa ba ya komai, wanda aka yi mako ba a wanke ba ba ya komai, na aro ya fi babu muni. Amma mai kyau, da aka sa daidai, a ɗaki ko a mota inda numfashi ke cakuɗuwa, yana rage cuta. Na yarda da haka har na hana ɗan'uwana ganin bakina a ranarsa ta ƙarshe. Saboda haka, Alhaji, idan za ka kira shi tsumma, ka jira in fita tukuna.

Kai kuma Mushe Yacuba, mutumin da ya fi kowa biyayya ga dokarka shi sandarka ta fara samu. Duka bai sa kowa ya yarda da cuta ba. Ya koya wa mutane yadda ake ƙetare igiya, ya koya musu ɓoye mara lafiya. Bara ɗaya daga cikin samarin nan huɗu ya kawo matarsa tana naƙuda, yaron ya zo a gicciye. Na yi aikina, uwa da ɗa suka rayu. Ya durƙusa yana mini godiya, bai gane ni ba, fuskata a rufe take. Na dube shi na ga ba mugu ba ne. Igiya aka ba shi da sanda, ba a ba shi ilimi ba, kuma waɗanda suka ba shi suna zaune yau a kujerun gaba.

Ga abin da nake roƙo. A cire tara da tsarewa daga sashe na bakwai. A rubuta cewa kafin a tambayi talaka ina takunkuminsa, sai an fara ba shi, an nuna masa yadda ake sawa da wankewa. A rubuta cewa dokar da ba ta tsayar da babbar mota ba, ba ta da hurumin tsayar da mai tafiya a ƙasa. Kuma na karanta takardar nan shafi goma sha biyu, ban ga kalmar kurma ba ko sau ɗaya. A nemo su, suna nan a kowace unguwa, a tambaye su. Akwai takunkumi mai gilashin roba da ake ganin baki ta cikinsa. Ko guda goma a ajiye a kowane gidan likita. Da guda ɗaya ya ishe ni a ranar.

Idan taro ya amince da sashen yadda yake, haƙƙinku ne, kun fi ni yawa. Sai dai ina roƙon sakatare ya soke sunana daga ƙasan takardar kafin a kai ta gaba.

Allah ya ji ƙan waɗanda annoba ta ɗauka, waɗanda aka ƙidaya da waɗanda aka ɓoye. Allah ya ji ƙan Bawa, ya karɓi shahadar da na faɗa a madadinsa. Allah ya ba shugabanninmu tausayin na ƙasa da su, ya ba jama'armu kunnen jin gaskiya, ya tsare Gaya da maƙwabtanta na ƙetaren kogi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.