Kwalba Biyu a Jakar Yaro

A benci ɗaya suke zaune a ƙofar ofishin shugaban makaranta, ita da jakar 'yarta a cinya, shi kuma wani mai tumbi ne da ba ta sani ba, yana ta kaɗa makullin mota. Ba ta so yin magana ba, amma abin ya cika mata ciki.

"Malam, kai ma binciken ƙwayar nan ne ya kawo ka?"

"Shi ne, Hajiya. Ni kam na yaba musu. Yaran yanzu sai da haka."

"Ka yaba? A gaban maza aka zazzage jakar 'yata, har audugar mata a ƙasa, ana ta dariya. Ba a samu komai ba, ga shi ta ƙi dawowa makaranta. Ba za a kai ta ɗaki malama ta duba ta ba?"

"Wane sirri yaro yake da shi? In ta ni ne, har safa a cire musu."

"To naka me aka samu a wurinsa?"

Makullin ya daina kaɗawa.

"Wannan kuskure ne. Maganin tari ne, kwalba biyu, kuma nawa ne. A jakarsa na ajiye, don uwarsa ba ta barin aljihun mutum ya huta. A ce mutum ba shi da sirri a gidansa!"

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Allah ya sawwaƙe, Malam. Amma tun da muka zauna ban ji ka yi tari ba."

Sai a lokacin tarin ya zo masa.